Jinkirta Nunar Tumatir da Mangwaro: Tambayoyin Masu Lambu da Ƴan Kasuwar Damagaram Kan Iskar Etilen

Daga Janairu zuwa Maris tumatir kan yi wa kasuwannin Damagaram yawa. Yana ja da baya sai mangwaro ya shigo, daidai lokacin da zafin bazara ke gasa gari. Wanda ya ɗauko kaya daga Mirya, Gidimuni ko fadamun Korama ya san lissafin: kwandon da bai fita yau ba, jibi sai a rabin kuɗi, gata kuwa sai kauɗa ko bola. Shi ya sa maganar "maganin hana nuna" ta yawaita a bakin dillalai. Maganin yana nan, yana kuma aiki, amma da sharuɗɗa, kuma yawancin sharuɗɗan ba a cikin kwalba suke ba.

Mece ce etilen ɗin nan, kuma me ya haɗa ta da kwandon tumatir?

Iska ce marar launi wadda ɗan itace da kansa ke fitarwa. Ita ce saƙon da ke ce wa tumatir ko mangwaro lokacin nuna ya yi: kore ya gushe, tsoka ta yi laushi, zaƙi da ƙamshi su fito. Da nuna ta kankama, ɗan itacen sai ya ƙara fitar da iskar, iskar kuma ta ƙara ingiza shi, ta ingiza na kusa da shi. Abin da iyayenmu mata ke yi kenan idan suka rufe ɗanyen mangwaro cikin tukunya tare da nunanne guda ɗaya.

An daɗe da gano ta. A 1901 wani ɗalibi a Rasha mai suna Dimitri Neljubow ya lura cewa iskar fitilun gas na lanƙwasa tsiron waken turawa (fis), ya bi diddigi har ya gane etilen ce a ciki. A 1934 Richard Gane a Ingila ya tabbatar cewa tuffa da kanta ke samar da ita. Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe shi ne ƙanƙantar adadin da ke aiki: kashi ɗaya cikin miliyan goma na iskar shago ya isa ya motsa wasu kayan. Hanci ba ya jin wannan, ido ba ya gani.

Duk kayan lambu ne ke jin ta?

A'a, kuma a nan ake yawan zubar da kuɗi. Akwai masu ci gaba da nuna bayan an tsinke su: tumatir, mangwaro, ayaba, gwanda, gwaiba da tuffa. Su ne ke fitar da etilen da yawa, su ne kuma maganin toshe ta ya fi yi wa amfani.

Akwai waɗanda da an cire su daga uwa an gama: lemu, kankana, abarba, yalo, kuɓewa, kokwamba. Ba sa ƙara zaƙi a ajiya. Amma wasunsu na shan wahala idan etilen ɗin maƙwabta ta same su. Kankanar da ta kwana biyu kusa da nunannen mangwaro sai ka yanka ka tarar cikinta ya yi ruwa-ruwa, ta rasa garɗi. Kokwamba ta koma rawaya. Kabeji ya yi rawaya yana zubar da ganye. Salati ya fito da ɗigo-ɗigo masu launin tsatsa a jijiyar ganye. Karas kuwa ɗaci yake yi, ɗacin da wanki ba ya cirewa, sai mai saye ya ce irin ne ba kyau alhali wurin ajiya ne ya ɓata shi.

Don haka kafin a yi zancen sayen komai, a raba kaya gida biyu: masu fitarwa gefe guda, masu cutuwa gefe guda, ba cikin shago ɗaya rufe ba, ba ƙarƙashin tamfol ɗaya ba.

Ban da kayan da kansu, akwai inda take fitowa?

Hayaƙi. Salansar mota da ta babur, janareta, murhun itace, fitilar kananzir, shara da ake ƙonawa bayan rumfa, duk suna fitar da etilen. Mai ajiye babur ɗinsa cikin shagon tumatir da dare, ya tayar da shi a ciki da safe, yana nunar da kayansa da hannunsa. Haka wanda ya girke janareta a bakin tagar ɗakin ajiya.

Sai rauni. Tumatirin da ya fashe, wanda kaifin kwando ya yanka, wanda tsutsa ta huda, mangwaron da aka kaɗo da gora ya faɗi ƙasa, dukkansu suna fitar da iskar fiye da lafiyayyu. Ruɓaɓɓe ya fi kowa, don har naman gwarin da ke cinsa wani na fitar da tasa. Wake ɗaya ke ɓata gari, a nan ba karin magana kawai ba ne.

Magungunan iri nawa ne?

Hanya uku ce. Ta farko, toshe ɗan itacen don kada ya ji iskar, aikin da wani sinadari mai suna 1-MCP ke yi. Ta biyu, kama iskar a kawar da ita daga cikin kwali ko ɗaki, aikin wani gishiri mai suna farmanganat. Ta uku, hana ɗan itacen samar da ita tun yana bisa, da wani sinadari da ake kira AVG, wanda ake sayarwa da sunan ReTain. Manoman tuffa a ƙasashen sanyi ke fesa shi makonni kafin girbi, ba shi da wani gurbi a harkarmu. Akwai kuma wani mai ɗauke da azurfa da masu sayar da furanni ke amfani da shi. Wannan na furen ado ne kaɗai, ko kusa kada ya taɓa abin ci.

To yaya 1-MCP ke aiki?

A jikin ɗan itace akwai wasu ƙananan gurabe da etilen ke shiga ta zauna, kamar mabuɗi cikin kwaɗo. 1-MCP iska ce mai kama da etilen. Tana shiga ramin kwaɗon ta maƙale, ba ta buɗe ba, ba ta kuma bar mabuɗin gaskiya ya shiga ba. Ɗan itacen sai ya zama kurma: iskar na kewaye da shi, ba ya jin kiranta. Daga baya yana ƙera sababbin gurabe, nuna ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Edward Sisler da Sylvia Blankenship ne suka gano shi a jami'ar jihar North Carolina a Amurka, suka yi masa rajista a 1996. A 1999 aka ba da izinin amfani da shi ga furanni da sunan EthylBloc, a 2002 kuma ga abin ci da sunan SmartFresh. Da yake iska ce, ana ɗaure ta cikin wani farin gari mai kama da sitaci. Ruwa na taɓa garin, iskar ta fito. Wannan ne dalilin da ya sa fakitin da ya sha raɓa ko aka bari a buɗe ya zama gari kawai, ko da kwanan watan da ke jikinsa bai wuce ba.

Yaya ake saka shi, kuma nawa ake aunawa?

Ba a fesa garin, ba a barbaɗa shi kan kaya. Ana buƙatar wurin da iska ba ta fita: ɗakin sanyi, kwantena, ko tantin leda mai kauri da aka liƙe bakinsa da ƙasa. Ɗakin laka mai rufin kwano da tagar katako ba zai yi ba, iskar za ta zurare kafin ta yi aiki.

A fara da auna ɗakin, tsawo sau faɗi sau tsayi. Mai mita 3 da 3 da 2.5 ya ba da mita-kubik 22.5. Adadin da aka saba shi ne rabin kashi zuwa kashi ɗaya cikin miliyan na iskar ɗakin. Kashi ɗaya cikin miliyan na nufin kusan miligiram 2.2 na tsantsar sinadarin a kowane mita-kubik. Idan garin mai ƙarfin kashi 3.3 cikin ɗari ne, hakan ya kama miligiram 67 a mita-kubik, wato giram ɗaya da rabi ga ɗakin nan gaba ɗaya. Idan mai ƙarfin 0.14 cikin ɗari ne, giram 1.6 a mita-kubik, wato giram 36. Dubi tazarar: giram ɗaya da rabi da giram 36. Wanda bai karanta ƙarfin da ke rubuce jikin fakiti ba, ko ya ninka adadin fiye da sau ashirin ko ya saka abin da ba zai yi komai ba. Aune da cokali ba shi da wuri a nan, sai ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinariya. Kuma idan takardar kamfanin ta faɗi wani adadi na musamman ga irin kayanka, ita za ka bi.

A jera kaya cikin kwandunan roba masu ramuka, a bar hanya tsakanin layuka. A zuba garin cikin ƙaramar roba mai murfi, a ajiye gaban fanka, a zuba ruwa mai ɗan ɗumi, a fita nan take a rufe ƙofa, a bi gefunanta da salatif. Fankar ta ci gaba da juyawa. Awa 12 zuwa 24 ake bari, ba buɗewa, ba leƙe. Bayan nan a buɗe ƙofa iska ta ratsa na aƙalla rabin awa kafin a shiga aiki.

Abu biyu ke yawan ɓata aikin. Na farko, katako da kwali suna shanye iskar, musamman masu danshi; ɗakin da aka cika da akwatunan katako, rabon kayan zai ragu. Na biyu, cunkoso cikin zafi. Kaya suna numfashi, kuma tantin da aka danƙara wa mangwaro a digiri 38 aka liƙe awa 24, iskar shaƙa za ta ƙare a ciki, a buɗe a ji tsami kamar na giya. An gudu gara an faɗa gidan zago. Idan babu sanyi, a yi aikin da dare, a tsaya a awa 12, kada kayan su wuce rabin tantin.

A wane mataki na nuna ake sakawa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi adadin gari muhimmanci.

Tumatir: kada a saka wa kore shar. Zai iya tsayawa ya ƙi ja yadda ya kamata, ko ya nuna rabi da rabi, ko ya bushe a kore. A jira ya kunno, gindinsa ya fara sauya launi zuwa ruwan hoda, har zuwa lokacin da ja ya kama kusan rabinsa. A nan ne maganin ke riƙe taurinsa ba tare da ya kashe launin ba. Wanda ya riga ya yi jajawur yana laushi, abin da za a samu kaɗan ne. Wannan na nufin dole a tantance kaya kashi-kashi bisa launi kafin a shiga ɗaki. Kwandon da aka cika da kore da ja da mai tsaka-tsaki, kowane ɗaya zai amsa daban.

Mangwaro: sai wanda ya ƙosa, kafaɗunsa sun taso sun kai ko sun wuce gindin kara, idan aka yanka guda tsokar da ke kusa da ƙwallo ta fara rawaya. Wanda aka tsinke bai ƙosa ba, da magani da babu, ba zai yi zaƙi ba. Maganin zai ƙara masa taurin kai ne kawai. A yi aikin cikin awa 24 da tsinka. Mangwaron da ya kwana uku a hanya ya riga ya ɗauki saƙon nuna.

Ayaba ta fi kowa rigima. Idan aka saka wa koriya, bawon kan nuna dabbare-dabbare, launin ya dushe, wani lokaci ciki ya yi laushi waje yana kore. Masu harkar sukan bari ta fara nuna tukuna, rawaya ta kunno, sannan su saka don ta daɗe ba ta yi baƙin ɗigo ba. Gwanda ma haka: wadda rawaya ba ta kama kashi ɗaya cikin huɗu na jikinta ba, takan nuna da tsoka mai tauri kamar roba.

Kwana nawa ake samu?

Ga tumatir da mangwaro da gwaiba, kwanaki ne: daga ƴan kaɗan zuwa mako guda ko ɗan fiye, gwargwadon iri da sanyin wuri. Labarin watanni da ake ji na tuffa ne, ita ma cikin ɗakin sanyi kusa da digiri sifili. Tuffar da ake gani a Kasuwar Dole ta tsallako teku da taurinta, sanyi ne ya yi mata rabin aikin ko fiye. Duk wanda ya ce maka garinsa zai riƙe tumatir wata biyu a shagon Damagaram cikin Afrilu, ka riƙe kuɗinka.

In na saka maganin, sai na huta da neman sanyi?

Ba ka huta ba. Duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka numfashin kaya sau biyu zuwa uku, kuma cikin zafi ɗan itace kan yi saurin ƙera sababbin guraben nan, maganin ya sake shi da wuri. A Afrilu da Mayu zafin rana a nan kan wuce digiri 40, tumatirin da ke zube a rana kuwa cikinsa ya fi iskar zafi.

Akwai wani abin da ake ɗora wa magani laifinsa a banza. Sama da digiri 30 tumatir ba ya iya yin jan launinsa sosai, sai ya nuna ruwan lemu ko rawaya. Ya fi yin ja mai kyau tsakanin digiri 18 da 21. Sai dai sanyin ma yana da iyaka: tumatirin da bai gama nuna ba, mangwaro da ayaba, wurinsu digiri 13 ko kusa da haka. Firjin gida mai digiri 4 ko 5 yana yi musu illa, bawon ayaba ya yi toka-toka, mangwaro ya yi tabo, tumatir ya rasa ɗanɗano ya ruɓe da zarar an fito da shi.

Wanda ba shi da ɗakin sanyi yana da abin yi. A yi tsinka da asuba, a kai inuwa nan take, kada kwando ya jira mota a rana. Busasshiyar iskarmu, wadda ke sa salati da zogale yaushi cikin awa kaɗan, ita ce kuma ke sa sanyin tururin ruwa aiki sosai: randa cikin randa da jiƙaƙƙen yashi tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa, ko ɗan ɗakin bulo mai bango biyu da yashi a tsakiya, ko ɗakin gawayi da ake jiƙawa. A rani suna sauke zafi da digiri da dama, su kuma ƙara danshi. Matsalarsu ɗaya, suna shan ruwa kullum, kuma kowa ya san ruwa a Damagaram ba abin wasa ba ne; a yi wannan lissafin tun kafin a sa bulo na farko.

Farmanganat fa? An ce ana iya haɗa shi a gida.

Ana iya, kuma ga ƙaramin ɗan kasuwa shi ya fi kusa da hannu. Shi ne gishirin nan mai launin shuni da ake samu a farmasi ana jiƙawa don wanke ƙuraje. Idan etilen ta taɓa shi sai ya ƙone ta, shi kuma ya sauya daga shuni zuwa ruwan ƙasa. Tun 1970 masu bincike a Ostareliya suka nuna cewa ayabar da aka rufe a leda tare da shi ta fi daɗewa ba ta nuna ba. Kamfanoni na sayar da shi cikin ƙananan ƙunshi na giram kaɗan da ake jefawa cikin kwali.

Na gida: a narka kimanin giram 60 cikin lita ɗaya ta ruwa, iyakar abin da ruwan ke ɗauka kenan in ba a ɗumama shi ba. A farfasa tsingaro ko gasasshen bulo ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, a wanke ƙurar, a shanya su bushe sarai. A jiƙa su cikin ruwan har su sha, a tsame, a shanya a inuwa. Faɗin jikin tsingaron shi ne ke aiki. Gishirin da aka ƙulle a dunƙule ba ya kama iska sosai. A zuba cikin ƙananan robobi da aka hudawa ramuka da ƙusa, a sa ɗaya ko biyu cikin kowane kwali, ta yadda ba za su taɓa kayan ba. Na gida bai kai na kamfani ƙarfi ba, don haka a yawaita, a kuma riƙa dubawa: in shunin ya koma ruwan ƙasa har ciki, ya mutu, a sauya.

Kada a jiƙa shi a ɓuntun shinkafa, garin katako, tsumma ko takarda. Zai ci su ya ƙare kafin ya ga etilen. Kada ya haɗu da man gilisarin ko man inji, yana iya tayar da wuta. A sa safar hannu, yana rina fata yana kuma ƙona ta, a nisanta shi daga yara. Ruwa da ke ɗiga cikin kwali ma na kashe shi, ya kuma zubo shuni kan kaya.

Iyakarsa ita ce, a fili ba ya amfana komai. Kwando buɗe a rumfa, iska ce ke kwashe etilen ɗin kyauta. Amfanin farmanganat sai a rufaffen wuri: kwali, leda, ɗakin sanyi.

Ke nan in ƙulle mangwaro a leda in sa shi ciki?

A sanyi, e. A zafinmu, da hattara. Leda na rage bushewa, tana kuma rage numfashi, amma in an ƙulle ta tsam a digiri 35 mangwaron zai shaƙe, gumi ya taru, ruɓa ta samu gida. A huda ramuka kaɗan da ƙusa, a shimfiɗa takarda a ƙasa ta tsotse gumin, kada a taɓa rufe kayan da ke da zafin rana a jikinsu. A bari su huce tukuna.

Ni kwando biyu nake sara in kasa a bakin kasuwa. Akwai abin da zai amfane ni?

Hajiya, ba ki da buƙatar 1-MCP, kuɗinsa da ɗawainiyarsa sun fi ƙarfin kwando biyu. Da kin sauke kaya ki zazzage su a inuwa ki kasa uku: mai laushi da fasasshe a sayar yau ko a yanka a shanya, ja mai tauri na gobe, mai kunnowa na jibi da gata. Kada su kwana tare. Na ajiyar ki shimfiɗa shi bai wuce hawa biyu ba, nesa da murhu, ki lulluɓa jiƙaƙƙen buhun algarara a sama ba tare da ya danne su ba. Kowace safiya ki bi ki cire wanda ya fara ruwa. Salati da karas kuma kada su kwana kusa da tumatir ko ayaba.

Yana hana ruɓa?

Ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. Ɗan itace mai tauri ya fi jure cuta, shi ke nan. A mangwaro ma wani lokaci ruɓar gindin kara kan fi fitowa, saboda an tsawaita kwanakin da cutar ke samu ta yi aiki. Maganin wannan daban ne: a tsinka da ɗan kara, a kifa mangwaron ƙaron ya tsiyaye kada ya ƙona bawo, sannan a tsoma cikin ruwan zafi na digiri 52 na minti 5, da ma'aunin zafi a hannu, ba da yatsa ba. In ruwan ya zarce 55 bawon zai ƙone. Wanda ƙudan mangwaro ya riga ya yi wa ƙwai, tsutsa na ciki, babu iskar da za ta fitar da ita.

Albasa da dankalin turawa fa?

Nasu ya sha bamban. Ba nuna ke damunsu ba, tsiro da ruɓa ne, kuma a manyan ɗakunan ajiya na Turai etilen ɗin ma ake sakawa da gangan don ta danne tsiro. Mai albasa ya mai da hankali kan daina ban ruwa kafin cira, shanya har wuya ya bushe, da rumbu mai shan iska.

Ba ya cutar da mai ci? Doka ta yarda?

Adadin da ake sakawa ƙanƙani ne ƙwarai, abin da ke saura jikin kaya kuma bai taka kara ya karya ba. Amurka da Tarayyar Turai sun yarda da shi ga abin ci. A ƙasashen CILSS, ƙungiyar yaƙi da fari a Sahel, ciki har da Nijar, kwamitin magungunan gona na Sahel da ke Bamako ne ke ba da izinin irin waɗannan kaya. Kafin ka saya, ka je ofishin kare tsirrai na ma'aikatar noma a nan Damagaram, ko zauren manoma na jiha, a duba maka ko sunan abin da ake tallata maka yana cikin jerin. Farin gari a leda marar suna, marar ƙarfi a rubuce, marar kwanan wata, ba a saye. Ba ka da hanyar gane ko 1-MCP ne ko sitaci.

In kasuwa ta buɗe da wuri, zan iya nunar da wanda na saka wa magani da kabaid?

Ba zai ji ba. Kabaid ɗin masu walda yana fitar da wata iska ce mai kwaikwayon etilen, ta ramin kwaɗo ɗaya take shiga, ramin kuma a toshe yake. Sai dai ka jira maganin ya sake shi. Don haka kada ka taɓa saka wa kayanka duka. Bar kashin da za ka sayar cikin kwana biyu ko uku. Kabaid ɗin ma ba abin kusantar abinci ba ne, yana ɗauke da gurɓatattun sinadarai masu guba, ga haɗarin wuta. Nunanniyar ayaba ko mangwaro kaɗan cikin rufaffen kwali na yin aikin.

Yaya zan san ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

Da gwaji a kayanka, ba da labarin mai talla ba. Daga tsinka ɗaya, launi ɗaya, ware kwando huɗu. Biyu a saka musu magani, biyu a bar su, a ajiye su wuri ɗaya amma ba jingine da juna ba. A auna nauyi ranar farko, sannan kowace kwana biyu a sake aunawa, a ƙirga masu sayuwa da waɗanda suka lalace, a rubuta. A yanka a ɗanɗana kuma, don tumatir mai tauri marar daɗi ba riba ba ce. In nauyi na zubewa da sauri a duka huɗun, matsalarka bushewa ce, kuɗinka ya fi amfani a inuwa da danshi.

Inda aka fi ganin ribar shi ne doguwar tafiya da babban lodi: motar da za ta haura Agadas ta Tanut, ko wadda za ta yi kusan kilomita 900 zuwa Yamai. Kwana uku na ƙarin tauri a irin wannan tafiya kuɗi ne. Amma ko nan, manyan kwandunan kaba da ake ɗora wa juna suna matse na ƙasa, magani kuwa ba ya gyara matsattsen tumatir. Kwandon roba mai ɗaukar kilo 20 zuwa 25, wanda nauyin na sama ke sauka kan bakinsa ba kan kaya ba, shi za a fara saya. A yi lodi da yamma, a yi tafiyar dare, a ɗaga tamfol ya bar iska ta ratsa, a kuma tabbata hayaƙin salansa ba ya shiga ƙarƙashinsa. Ƙungiyar masu lambu da ke da ɗakin sanyi na sola ko kwantena guda, ta fi mutum ɗaya damar cika ɗaki da kaya masu launi ɗaya a rana ɗaya, wanda shi ne abin da giram ɗaya da rabin nan ke buƙata.